Durƙusau Mai Kafet da Alkawarin Ɗaki Ɗaya

Haihuwa da iyaye

An haifi marigayi, wanda jama'a suka fi sani da Durƙusau, a shekarar 1952, a unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, cikin wani ɗakin haya da ko siminti babu a ƙasansa. Mahaifinsa ɗan dako ne a ma'ajiyar kaya ta tashar, mahaifiyarsa kuma masaƙiyar tabarma ce wadda ake zuwa har gida a saya a hannunta. Shi ne na uku cikin 'ya'yansu biyar, kuma shi kaɗai ne namiji. A kan tabarmar mahaifiyarsa ya yi rarrafe, a wurinta kuma ya fara jin cewa duk abin da ake shimfiɗawa a ƙasa yana da fuska, yana da baya, yana da inda ya dosa.

Karatu

An sa shi makarantar firamare a shekarar 1959. Shi da bakinsa yakan ce rubutu bai taɓa ƙaunarsa ba, amma lissafi ya karɓe shi hannu bibbiyu, musamman na awo. A shekarar 1963 Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa bayan gajeriyar rashin lafiya, karatu ya tsaya a aji huɗu, ya koma yana ɗaukar wa mahaifiyarsa tabarmi zuwa kasuwa. Bai sake komawa aji ba, ko da yake har tsufansa fensir bai rabu da bayan kunnensa ba.

Sana'a

A shekarar 1966 ko 1967, matarsa ba ta riƙe daidai ba, ya shiga shagon wani dattijo mai sayar da ledar ɗaki. A zamanin nan leda ce kwalliyar gida: akwai mai zanen fure, akwai mai gida-gida baƙi da fari, akwai mai kama da katako wadda malaman makaranta suka fi so. A nan ya koyi awo da yanka da shafa gam, ya kuma koyi gwada ƙasa kafin shimfiɗa. Sai ya kifa guntun leda a kan siminti ya bar shi ya kwana. Idan da safe ya ɗaga ya ga gumi a ƙarƙashi, to ƙasar tana da danshi, ba zai shimfiɗa komai a kanta ba ko da mai gida zai yi fushi.

Wajen shekarar 1974 kafet ya fara shiga gidajen masu hali da ofisoshi, shi ma ya koma can. Ya san mai gajeren gashi da ake sa wa ofis don yana jure takalmi, da mai dogon gashi da ƙafa ke nutsewa ciki amma yake ɓoye allura da ɗan kunne, da darduma mai geza ta tsakiyar falo, da doguwar nan ta baranda, da soson da ake sawa a ƙasa don taushi. Yini yake yi a kan gwiwa, har abokansa suka laƙaba masa Durƙusau, suna cewa ko surukinsa ba zai sha gaisuwar da siminti ke sha a wurinsa ba. Sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu shimfiɗa shi ne tambaya ɗaya. Gashin kafet yana kwanciya ne ta ɓangare guda. Idan tsintsiya ta bi kwanciyar, datti gudu yake yi, idan ta saɓa masa kuwa sai ya maƙale, mai shara ta yi ta fama. Saboda haka kafin ya zare wuƙa sai ya tambaya, "Wa ke share ɗakin nan?" A kira masa ita, ya tambaye ta daga wane lungu take farawa, sannan ya shafa kafet da tafin hannu, ya juya shi yadda gashin zai kalli ƙofa. Wasu masu gida sukan ce ina ruwansa da mai shara. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, kai takawa za ka yi, ita ce za ta zauna da shi."

Aure

A shekarar 1977 ya je aiki gidan wata mata mai sayar da atamfa, ya yi tambayarsa, aka kira masa wata budurwa, 'yar ƙanwar matar, wadda mahaifinta mai gyaran keke ne. Ta zo da tsintsiya a hannu, ta ce masa ita ba ta da lungun farawa, duk inda datti yake nan take farawa. Tun ranar ya sa mata suna Mai Tsintsiya. Kafin shekarar ta fita aka ɗaura musu aure, suka tare a ɗaki biyu na haya kusa da kwalbati.

Ƙasan ɗakin siminti ne mai sanyi, ga shi kuma da ya kifa guntun ledarsa sai ya wayi gari sharkaf da gumi. Ya ce ba zai kashe kafet mai kyau a kan danshi ba. Maimakon haka ya riƙa kawo guntayen da suka rage daga gidajen mutane, ja daga gidan likita, kore daga wani ofis, ruwan toka daga otal, ya ɗinke su da babbar allura, ta yadda za a iya ɗagawa a shanya. Ido yana ganin kyau, amma kowane guntu da inda gashinsa ya dosa. Sai tsintsiya ta tafi sumul ta yi taku biyu, ta ci karo da na gaba ta tsaya cak. Shara ɗaya sai ta cinye mata hantsi, ga ciwon baya, tana yi tana zagin guntayen.

Wata rana ta ce masa, "Maigida, duk matan garin nan ka sauƙaƙa musu shara, ni ce ka haɗa da rigima."

Ya yi dariya, sannan ya yi mata alkawarin da ya zama maganar gidan har ƙarshen rayuwarsa: zai shimfiɗa mata kafet guda, bango zuwa bango, babu haɗi, gashinsa na kallon ƙofa. Ta ce, "Allah Ya nuna mana, ni da tsintsiyata."

'Ya'ya da ginin gida

Allah Ya azurta su da 'ya'ya shida tsakanin 1979 da 1993. Na biyu, namiji, ya rasu yana ɗan wata bakwai a daminar 1981, kuma a kan jan guntun nan na gidan likita ya yi zamansa na farko, shi ya sa uwar ba ta yarda an canza shi ba ko da ya koɗe. Sauran biyar duk a kan guntayen suka tashi, sun san kowanne da sunan gidan da ya fito. Idan suka yi faɗa, uban yakan raba su ya ce wannan ya koma ofis, wancan ya tafi otal.

A shekarar 1998 ya samu fili a kan tudu, inda ƙasa ba ta gumi, ya fara gini kaɗan-kaɗan. Kafet yana zuwa ne a naɗe da faɗi ƙayyadadde, don haka ya auna ɗakin matarsa daidai da faɗin naɗin, domin a shimfiɗa shi ba tare da haɗi ba. Ya ba da aikin ga wani birkila, abokinsa tun yarinta, shi kuma ya tafi wani aiki na makonni a wani gari. Da ya dawo ya tarar an kai gini linta, ya ja tef ɗinsa na awo, sai ya ga ɗaki ya fi awo da taƙi ɗaya. Birkila yana washe baki ya ce, "Na ƙara wa uwar yara ne ta sake, kyauta ce daga gare ni." Durƙusau ya yi fushi, daminar nan kaf ba su gaisa ba, sai da matansu suka shiga tsakani. Har birkilan ya rasu bai gane laifin alherinsa ba.

Suka tare a shekarar 2004, da tsofaffin guntayensu. Ya yi ta cigiyar naɗi mai faɗin da zai cike ɗakin. Wanda ya samu sau ɗaya, na ofis ne mai kaushi, ya ce ba zai sa matarsa ta yi sujada a kan abin da ke goge goshi ba. Ta ce masa ya sa haɗin kawai. Ya ce ai cewa ya yi babu haɗi.

Shekarun baya

Daga wajen 2008 tayil ya cika gari, aikin kafet ya ja baya. Bai taɓa kushe shi ba. Yakan ce tayil ba ya riƙe ƙura kuma tsumma ɗaya ya ishe shi, aibinsa sanyi da santsi, ba abokin tsoho ba ne. A shekarar 2012 'ya'yan suka haɗu suka ce za su sa wa uwarsu tayil ta huta. Ta ce musu a'a, kafet aka yi mata alkawari, kuma mai alkawarin yana nan da ransa, ga shi can yana shan shayi kamar ba da shi ake ba.

A shekarar 2015 gwiwoyinsa suka kumbura, ya ajiye aiki. A 2019 ciwon sukari ya taɓa idanunsa, har ya zama sai dai ya gane mutum da murya. Tun daga nan matarsa ta daina tsokanarsa da maganar kafet ɗin, domin ta lura idan tana shara yakan yi shiru yana sauraron inda tsintsiya ke tsayawa. A farkon 2023 aka kwantar da shi a asibiti, da aka sallame shi likita ya ce kada ya ƙara durƙusawa, ko salla a kujera zai riƙa yi.

Bai yi mako da dawowa ba ya sa babbar 'yarsa ta kai shi layin masu kafet. Da tafin hannu ya zaɓa, ruwan ƙasa mai gajeren gashi mai laushi, irin faɗin da ya auna ɗakin da shi tun farko. Aka kawo aka jingine, ya zauna yana shafa bangon da ya yi yawa da taƙi ɗaya. Matarsa ta gane abin da ke cinsa.

Ta ce, "Taƙin nan ka bar mini shi. Ka yanko daga guntayena ka cike, jan nan ya zama a ciki. Gado zai rufe."

Ya ce, "To ai haɗi ke nan, Mai Tsintsiya."

Ta ce, "Haɗin da ke ƙarƙashin gado, daga ni sai Allah. Malam, shekaruna sun ja, kada ka kai ni kabari da bayan nan a sunkuye."

Sai ya ce a miƙo masa wuƙa.

'Ya'yan suka so ɗauko ma'aikaci, ya ƙi. Suka tuna masa maganar likita, ya ce likita bai yi wa kowa alkawari ba. Sai da ya sa aka kifa guntun leda ya kwana, da safe ya shafa ya ji a bushe. Aka sa masa matashi a ƙarƙashin gwiwa, ɗansa direba da autarsa suna jan naɗin yana ba su umarni. Kafin ya sa wuƙa ya ɗaga kai ya ce, "Wa ke share ɗakin nan?" Matarsa daga bakin ƙofa ta ce, "Wata baiwar Allah ce da ta gaji da jira." Ya shafa kafet gaba, ya shafa baya, ya ce a juya shi. Aikin da a da yake gamawa kafin azahar ya ɗauke shi kwanaki, yana yi yana hutawa, gumi na zuba. Ranar da ya danne gefen ƙarshe a bakin ƙofa, kasa tashi ya yi, sai ɗaga shi aka yi. Bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba tare da an riƙe shi ba.

Washegari tana shara yana kwance yana saurare. Da ta gama ya ce, "Yau ban ji kin zagi kowa ba." Ta ce ta nemi wanda za ta zaga ta rasa.

Rasuwa

Ya yi wata huɗu yana jin wannan sharar kowace safiya. Allah Ya karɓi ransa a watan Yulin 2023, da hantsi, a cikin ɗakin, yana da shekara saba'in da ɗaya, matarsa da autarsa suna kusa da shi. An yi masa sutura a gidansa, aka sallace shi bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, inda iyayensa da ɗansa suke. Cikin masu ta'aziyya har da tsofaffin mata da iyalin ba su sani ba, waɗanda suka ce sun taɓa aiki a gidajen da ya shimfiɗa, kuma shi ne ma'aikacin da ya taɓa tambayarsu ta ina suke fara shara.

Ya rasu ya bar 'ya'ya biyar: Yaya Babba, malamar makaranta; Direba; Ungozoma, wadda ke aiki a asibitin unguwa; Tela; da Auta, wadda ta gaji wuƙarsa da tef ɗinsa; sai jikoki goma sha huɗu. Ya kuma bar matarsa, Mai Tsintsiya, tana nan a ɗakin. Kowace safiya takan fara daga bakin gado, datti ya yi ta gudu a gabanta har ƙofa, ta gama tun ruwan shayi bai tafasa ba. Sai ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, hantsi bai ko ɗaga ba, babu kuma mai tambayarta wa ta zaga. Allah Ya jiƙansa, Ya shimfiɗa masa rahama a makwancinsa.