Ranar Sungumin Mata

A ƙauyenmu, can tsakanin Bakori da Tsiga, akwai wani biki da muke kira Ranar Sungumin Mata. Da zarar an gama shukar ruwan fari, sai mata su fito da sungumi a kafaɗa, wato doguwar fartanyar nan da ake saran shuka da ita, su zaga gari ana yi musu kiɗa, maza na biye a baya. Yanzu abin ya zama na lasifika da babura. 'Yan mata kan naɗe ƙotar sungumi da ƙyalle mai walƙiya, wasunsu ko kunya ɗaya ba su taɓa shukawa ba, a ci dambu, a sha fura, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. In ka tare yaro ka tambaye shi abin da ake tunawa, sai ya ce ranar da matan garinmu suka kori mahara. Bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ke nan. Ragowar a bakin murhun kakata na ji shi.

Iya muke ce mata, mahaifiyar babana, 'yar guntuwar tsohuwa mai kaifin harshe. A ƙarshen bazara, lokacin da zafi ke hana zaman ɗaki kuma walƙiya ta fara wasa a gabas, takan tara mu bayan sallar magariba mu taya ta ɓarar gyaɗar iri. Wuta na ci a hankali ƙarƙashin tukunyar wake, mu kuma mun kewaye tabarma, hannu na aiki kunne na saurare. Ladanmu tatsuniya. Wanda ya jefa ƙwaya ɗaya a baki kuwa, ko baya ta juya sai ta sani.

"Maigida," haka take kirana don tsokana, "buɗe bakin nan in gani. Ku ji mini miji, zai cinye iri tun ruwa bai sauka ba."

Sauran ranaku labaran dabbobi da na aljanu take ba mu, mu yi ta dariya har babana ya leƙo ya ce mun hana unguwa sakat. Amma in hadari ya fara haɗuwa da gaske, sai ta ture ƙwaryar gyaɗa gefe ta ce, "Ku matso. Ta yau ba daga daji ta fito ba, a ƙofar garin nan aka yi ta." Da na ji haka sai na san labarin Dela ne, kakarta, kuma na san inda zai ƙare.

Zamanin da take magana, tun Turawa ba su zo ba, garin nan a cikin ganuwa yake, da ƙofa ɗaya, da gwalalo, wato ramin da ya kewaye ganuwar ta waje. Mahara kan zo a kan dawakai daga arewa su kama mutane su sayar. Iya ta ce mutanen nan sun san halin manomi sarai. Ba sa wahalar da kansu da fasa ganuwa. Sai su sauka a kurmin bakin rafi su jira ruwan fari, don sun san ranar da ƙasa ta jiƙa babu mai iya riƙe manomi a cikin gari. Ga shi kuma mai shuka ƙasa yake kallo. Namiji a gaba yana sara, mace a baya tana jefa iri tana rufewa da dunduniya, ba mai ɗaga kai sai an kai ƙarshen sahu.

A shekarar, rumbuna sun riga sun yi ƙasa, don damunar baya ba ta yi kyau ba. Wasu makiyaya suka kawo labarin an ga hayaƙi a kurmi, mai gari ya sa aka rufe ƙofa. Sai ga ruwa, irin mai ƙarfin nan da ke cika kududdufai. Gari ya waye ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ko'ina, mutane suka hau ganuwa suna kallon gonakinsu. In an fita, a kama mutum. In an zauna, danshi ya tsere, geron fari ya wuce, kuma ba wanda ya san ranar da wani ruwan zai zo. Ana ta gardama a ƙofar gidan mai gari, rana na hawa, ƙasa na shan iska.

"To, su wa suka raba gardamar?" Iya kan tambaya tana harara ta. "Ba ku ba dai, masu manyan riguna. Mata ne."

Matan suka ce a ba su sungumi. Su za su yi sara su yi shuka, maza kuma su kwanta cikin gwalalo da kwari da baka inda ba a ganinsu. In mahara suka hangi mata zalla, za su taho a sake. Aka kafa sharaɗi biyu. Kada wata ta wuce gindin wata ɗorawa da ke tsaye a cikin gonaki, don nan ne iyakar inda kibiya ke kaiwa. Kuma da an busa ƙaho daga kan ganuwa, kowace ta yar da abin hannunta ta nufi ƙofa a guje.

Dela na cikinsu. Tana da goyo, 'yar mace da ba a yaye ba, ta sauke ta a hannun wata tsohuwa. Mijinta Jatau maƙeri ne, ƙaton gaske, shi ya sa aka ba shi riƙon ƙofa, don shi kaɗai ke iya ɗaga gungumen da ake tokare kyaure da shi. Gonarsu ce ta ƙarshe, sahunta daidai gindin ɗorawar yake ƙarewa. Geron da ke cikin ƙoƙonta kuwa shi ne duk irin da ya rage musu a gida. Ba ta sami abokiyar aiki ba, don haka sai ta sare sahu har ƙarshe, ta dawo farkonsa ta bi shi da iri.

A nan Iya kan rage murya, mu ma hannuwanmu su tsaya. Rana ta ɗaga, an shuka abin da ya samu, sai tsuntsaye suka tashi daga kurmi gaba ɗaya. Aka busa ƙaho. Mata suka watsar da sungumi suka kwaso a guje. Dela na kan sahunta na ƙarshe, ta wuce rabi, ramuka a buɗe a gabanta har gindin ɗorawa, iri kuma da saura a ƙoƙo. Waɗanda ke kan ganuwa sun ga ta ɗaga kai, ta dubi kurmi, ta dubi ƙofa. Sannan ta sunkuyar da kai ta ci gaba, kowane taku na ƙara nesanta ta da gari.

"Ba kurma ba ce, ta ji ƙahon," in ji Iya. "Amma a garin nan wa ya taɓa tashi a tsakiyar sahu? Ko abinci aka kira ka, cewa kake bari in ƙarasa. Ramin da aka sara aka bari, kafin azahar ya bushe. Ita ma abin da ta ce ke nan, bari in ƙarasa."

Jatau na ƙwala mata kira har muryarsa ta dishe. Ita kuwa jefa, taka, jefa, taka, da saurin da ba a taɓa ganin ta yi ba. Dawakan farko suka iso kan gonaki, maza suka miƙe daga gwalalo suka sakar musu kibau. Wasu suka faɗi, sauran suka ja da baya a rikice. Da a lokacin ta juyo, da ta tsira. Sai da ta rufe ramin ƙarshe ta yar da ƙoƙo ta kama gudu. Kafin nan babbar rundunar ta fito daga kurmi, kibau sun ƙare, masu baka sun afka cikin gari. Saura ita kaɗai a fili.

Jatau ya bar kyaure a buɗe daidai faɗin mutum ɗaya. Tana gudu, taɓo na kama ƙafarta, dawakai na cin tazarar da ke tsakani. Kowa na gani cewa in ta shigo, tare da su za ta shigo, ga yara da tsofaffi maƙil a bayan ƙofa. Mai gari ya ce, "Jatau, rufe." Bai motsa ba. Mai gari ya sake cewa, "Jatau, 'yarka na cikin garin nan." Sai ya rufe, ya ɗora gungume, ya zauna a ƙasa ya jingina da kyauren.

Wasu a gari na cewa Dela ce da kanta ta ɗaga hannu ta ce a rufe. Iya ba ta yarda da wannan ba ko kaɗan. "Masu son su yi barci lafiya ne suka ƙara shi," takan ce. "Yarinya ce mai goyo, so take ta shigo."

Mahara dai sun yi asarar mutane fiye da yadda suka zata, suka kwashi gawarwakinsu suka tafi da ita kaɗai. Ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ruwa ya ci gaba da sauka, gero ya tsiro, gari ya tsallake yunwa, shekara na zagayowa aka fara bikin. Sahun Dela ya fito reras har gindin ɗorawa. Da kunun geron aka yaye 'yarta, wadda ta girma ta haifi Iya.

Ni haushi labarin yake ba ni, ba tausayi ba. Mace ta sayar da ranta a kan rabin sahu! Kowace shekara sai na roƙa, "Iya, don Allah bana ki bar ta ta shigo mana." Sai ta tura itace cikin murhu ta ce, "Maigida, ba ni aka ba ƙofar ba. Kwashe ɓawon nan ka je ka kwanta."

Na girma na zama malamin gona, Iya kuma ta riga mu gidan gaskiya. Wata shekara aka tura mu ƙasar Meziko kwas a kan irin masara, don can ne asalin masarar nan da ta cika gonakin Funtua. Muna can watan Mayu ya kama, wani abokin aikinmu ɗan ƙasar mai suna Ramiro ya ɗauke mu zuwa birnin Puwebla kallon bikin da suke kira Sinko de Mayo, wato biyar ga Mayu. A irin ranar ce, a 1862, rundunar Faransa ta taso wa birnin da manyan makamai, sojojin Meziko da ba su kai su yawa ba suka tare su a kan tuddai. Ruwa ya sauka da yamma, ƙasa ta yi santsi, Faransawa suka ja da baya. Yau kuwa fareti ake yi na sojoji da 'yan makaranta, ga kiɗa, ga abincin masara kala-kala, wasu su yi shigar Faransawa a yi wasan yaƙi su sha kashi, jama'a na shewa. Ramiro ya ce 'yan ƙasarsu da ke zaune a Amurka sun ma fi su ɗaukar ranar da zafi, har wasu na zaton ita ce ranar samun 'yancin kai, alhali ba ita ba ce.

Na tambaye shi ko daga nan Faransawa suka haƙura. Ya yi dariya ya ce, "Ina! Shekara na zagayowa suka dawo da ƙarin sojoji, suka kewaye birnin nan har yunwa ta sa aka miƙa wuya. Amma wa zai sa wannan a wasa? Mu da yammar ranar ta yi muke tsayawa."

Na tsaya cikin hayaniyar ina lissafi a raina, na ga kusan zamani ɗaya ne da na Dela. Na ce ashe ko'ina haka biki yake, a yanke labari daidai inda ya yi daɗi, ragowar a bar wa tsofaffi. Wannan kam na gane shi tun a can. Dela ce dai har lokacin ban gane ba, don da ilimin gonata na san rabin sahun gero bai taka kara ya karya ba.

Sai bara, bayan na yi ritaya na koma noman gonar gado. Kowa ya san halin da yankinmu ke ciki yanzu. Masu zuwa ba a kan dawakai suke zuwa ba, a kan babura ne, kuma su ma sun san lokacin da manomi ba ya zaman gida. Ruwan fari ya sauka, muka fita ni da ɗana Sanusi, magidanci ne da 'ya'yansa ƙanana, yana sara ina bi da iri. Muna cikin aiki muka ji rugugin babura da yawa daga wajen daji, na gonakin kusa suka fara gudu. Sanusi ya yar da sungumi ya ce, "Baba, mu tafi!"

Na dubi ramukan da ke gabana a buɗe, sai na ji bakina ya ce, "Bari in ƙarasa."

Ba tunani na yi ba wallahi, ƙafata ce kawai ke tafiya tana rufe ramuka. Sanusi bai gudu ya bar ni ba. Ya tsaya yana duban wajen daji har na kai ƙarshen sahu, sannan muka faɗa kwazazzabo muka laɓe. Allah ya sa ba ta kanmu suka biyo ba.

Tun ranar haushin Dela ya fita raina, tsoro ya maye gurbinsa. Ita sai da ta bar 'yarta a bayan ganuwa kafin ta ce bari in ƙarasa. Ni nawa ɗan yana tsaye a fili tare da ni.