Tarin da Na So Ɓoyewa a Danau Kota

Ni ne ban kyauta ba, ba 'yata ba. Gara in faɗi haka tun da fari.

Ina sayar da kayan gida a unguwar Danau Kota, nan ƙasar waje: kilishi, yaji, kuka, daddawa. Ɗaliban da suka zo karatu daga Najeriya su ne masu saye. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai su cika falona, in tuƙa musu tuwo, mu rufe tagogi mu kunna na'urar sanyi, a yi ta hira har la'asar.

Sai tari ya kama ni ya ƙi saki. Na rame har wando yana zame mini. A asibiti aka gwada majinata, likita ya ce tarin fuka ne, kuma dole ya sanar da ofishin lafiya. Na roƙe shi a bar maganar tsakaninmu. Ya ce doka ce ta hau kansa, ba ra'ayinsa ba ne.

Da ma'aikaciyar ofishin ta kira tana tambayar waɗanda nake zama da su don a gwada su, na ce daga ni sai 'yata. Tsoro nake ji kada a taɓa takardar zamana, kada kuma a ce tuwon Alhaji da tari a ciki. Sai na yi abin da na ga ana yi a gida: na ware kofina da cokalina da kwanona. A zuciyata na gama kare kowa. Zaman Juma'a ya ci gaba.

'Yata tana karatun jinya a unguwar Bukit Jalil. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Mamana nake ce mata. Ta tarar da kofin a saman firji shi kaɗai.

Ta ce, "Baba, me kofin nan ya yi maka ka kai shi gidan yari?"

Na ce, "Rigakafi ne."

"Ba a kofi ciwon yake ba, a iska yake. Kofinka daban, amma numfashinku ɗaya da yaran nan, ga taga a rufe."

"Tun kafin a haifi uwarki haka ake yi."

"Shi ya sa tun kafin a haife ta yake kashe mutane."

"Ke da ko allura ba a fara barinki kin yi ba!"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ka gaya wa ofishin lafiya gaskiya, Baba. Na fi son ya fito daga bakinka. In ka ƙi, ni zan je."

Na ƙi. Ta je. Aka kira yaran nan duka aka gwada su. Na ce ta tona mini asiri a ƙasar mutane. Na daina yi mata magana, na daina cin girkinta, sai in sayo shinkafa a shagon abincin da ake kira mamak in ci a ɗaki. Ita kuwa kullum da safe sai ta raka ni asibiti, inda nake haɗiye ƙwayoyin a gaban nas. Ta zauna gefena, in an gama ta wuce makaranta.

Cikin yaran an sami ɗaya da ciwon, wani siriri ɗan Gusau mai son ƙanzon tukunya. Ko tari sosai bai fara ba. Aka ɗora shi kan magani da wuri, bai rasa zangon karatu ba. Takardata ba wanda ya taɓa. Masu saye wasu sun gudu, kuma ban ga laifinsu ba.

Mahaifiyar yaron ta kira ni tana ta sa albarka, wai na yi saurin kai rahoto. Na ce mata, "Hajiya, ba ni ba ne. 'Yata ce. Yarinya ce ƙarama, ta tsaya gaban ubanta ba rashin kunya ba tsoro." Har yau duk wanda ya zauna da ni sai ya ji wannan labari.

Washegarin kiran Hajiya, ni da 'yata muna zaune a bencin asibiti kafin a kira ni, na cire hulata na riƙe a hannu.

Na ce, "Mamana, na kira ki mai tonon asiri, alhali abin da ya wajaba a kaina kika ɗauka kika yi. Na zalunce ki. Ki yafe mini."