Tauraro a Takardar Gwajin Jini

Saura kwana biyu Babbar Sallah aka kira ni a waya. Ina bakin kogin Wudil da shebur a hannu, muna loda wa tifa yashi. Shekara shida ke nan ina wannan sana'a, takardar diflomata tana kwance a ƙarƙashin katifa. Mai kiran ya ce an ɗauke ni aiki a ɗakin karatu na jami'ar garinmu. Na miƙa wa direban tifa wayar, na yar da shebur, na faɗa ruwa da kayan jikina. Abokan aikina suka zaci kunama ce ta harbe ni.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya mini, wato in kawo takardar shaidar lafiya daga asibiti bayan hutun Sallah. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Yashi ya gina mini jiki, har sai da tela ya ƙara wa hannun rigata yadi.

Sallar bana ta zo mini biyu. Duk wanda ya ji labari sai ya aiko da nama. Inna, mahaifiyata, ta aiko da cinya guda. Surukaina suka aiko da soye cike da kwano. Kwana uku ban san ɗanɗanon tuwo ba, daga gashi sai soye sai farfesun kai. Ruwa ma ban cika sha ba, don kada ya tare wa nama wuri. Rana ta huɗu na karya da ragowar soye, na taka zuwa asibiti cikin rana ina fito, aka ɗebi jinina.

Washegari na karɓo sakamako. Layi-layi ne na Turanci da lambobi, amma a gefen layi ɗaya an buga ɗan tauraro. Na nemi ganin likita, aka ce sai jibi. Da na dawo unguwa sai na nuna wa maƙwabcina mai shagon magani. Ya ɗora tabarau, ya duba takardar, ya duba wayarsa, ya sake duba takardar.

"Wannan shi ake kira kiriyatinin," in ji shi. "Awon ƙoda ne. Naka ya haura."

"Idan ya haura fa?"

Ya cire tabarau ya ce, "Allah dai ya sawwaƙe. Irin wannan ne ke kai mutum ga wankin ƙoda."

Daga shagonsa zuwa ƙofar gidana taku ashirin ne, amma kafin in isa na riga na ji bayana yana ciwo. Na shiga na zauna a bakin gado, na gaya wa matata ta yi haƙuri da duk abin da na taɓa yi mata. Tana yanka albasa, ta ɗago ta dube ni.

"Maigida, mai ciwon ƙoda ne ya cinye cinyar rago shi kaɗai?"

Na ce ai ciwon a ɓoye yake zuwa. Ta ce to in jira likita. Ni kuwa na ga jiran ɓata lokaci ne, gara in fara neman gafara tun da sauran ƙarfina.

Da Inna na fara. Na durƙusa na shaida mata cewa lokacin da nake firamare, ni ne na fasa randarta, ba akuya ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗan nan, ai na sani. Akuya ba ta share wuri bayan ta yi ɓarna."

Da na faɗa mata dalilin zuwana sai dariyar ta tsaya. Ta shafa kaina, ta yi mini addu'a, ta ce in je in ji daga bakin masu abin. Kashegari na hau babur ɗina zuwa ƙauyen Utai wurin gwaggona, ita ma don neman gafara. Ta yafe mini tun ban gama gaisuwa ba, sannan ta ajiye mini kwanon soye. Na dubi naman, na ce a raina tunda tafiya ta zo, mene ne amfanin rowa ga ciki. Na cinye tas.

Ranar ganin likita ta zo, na koma asibiti. Likitar mace ce mai fara'a. Ta karanta takardar, ta dubi kafaɗuna, ta tambaye ni sana'ata. Na faɗa mata. Ta tambayi abin da na ci da wanda na sha kafin a ɗebi jinin. Na fara lissafi, ban kai rabi ba ta ɗaga hannu tana murmushi.

"Malam, bari in yi maka bayani. Kiriyatinin wani datti ne da tsokar jiki ke fitarwa kullum cikin jini. Ƙoda ce ke tace shi ta zubar a fitsari. Idan ƙoda ta gaza, sai ya taru, shi ya sa muke auna shi. Amma mai tsoka da yawa nasa yakan ɗan fi na sauran mutane. Dafaffen nama ma yana ɗaga shi na ɗan lokaci, haka ƙarancin ruwa a jiki. Kai kuwa ka haɗa duka ukun."

"Ke nan ba ni da komai, likita?"

"Ban ce ba tukuna. Ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Ka bar nama kwana uku, ka sha ruwa sosai, kada ka je yashi. Sai mu sake, mu haɗa da gwajin fitsari."

Ta auna hawan jinina, ya yi daidai. Ta tambaya ko ina shan maganin ciwon jiki. Na amsa cewa mu 'yan yashi kusan kullum muna haɗiyar ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda. A nan fuskarta ta sauya. Ta ce wannan ya fi naman ba ta tsoro, domin yawan shan su yana cinye ƙoda a hankali, mutum bai sani ba. Na yi mata alkawarin na bari.

Kwana ukun nan matata ta zama 'yar sanda. Tuwo da miyar kuɓewa ba ko tsoka ɗaya, kofin ruwa kuma yana bina duk inda na zauna. Ita kuwa ta zauna gabana tana cin soyen surukaina, tana yi mini sannu.

Ranar da na koma karɓar sakamako na biyu, ban iya zama a benci ba. Likita ta buɗe takardar, ta juyo mini da ita. Babu tauraro. Lambar ta sauko, fitsari kuma wasai. Ta ce ƙodata lafiya lau, in riƙa zuwa awo shekara-shekara, sannan ta sa hannu a takardar shaidar lafiya ta buga hatimi.

Ban san yadda na fito ba. Na gaida mai gadi sau biyu. Na gaida wata tsohuwa da ban taɓa gani ba, har na tambaye ta mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na manta cewa da babur na zo, na kama hanya a ƙafa ina dariya ni kaɗai. A kan gada na tsaya na leƙa ƙasa, ga abokan aikina can suna loda tifa. Na ɗaga takardar sama ina kaɗa musu. Ba su san ko ta mece ce ba, amma duk suka ɗaga shebur.

Sai da na isa ƙofar gida matata ta tambaye ni ina babur. Muka tsaya muna kallon juna, sannan ta fashe da dariya har ta zauna a dakali. Ta shiga ta ɗauko mayafi ta ce tare za mu koma, don ba ta yarda in sake tafiya ni kaɗai a wannan hali ba. A hanyar dawowa na goyo ta, muka biya gidan Inna, muka tarar ta shimfiɗa darduma tana jiran labari.