Lailatu Barau, Wadda Ta Hana A Mayar Da Mu Kan Takarda

Kullum da safe, kafin mu 'yan kwamiti mu gama tambayar juna gajiya da iyali, Lailatu Barau ta riga ta goge farantan sola, ta kunna kwamfutar da ke ɗauke da shafin ƙungiyarmu ta manoman rani a Talata Mafara. Shekara bakwai ke nan tana haka. A shafin nan ne manoman Mafara da Bakura da Maradun ke sa sunansu don samun iri da taki. Kwana uku kacal ake buɗe shi, daga Laraba zuwa magaribar Juma'a. Wanda bai shiga ba, sai baɗi.

Ni ne sakatare. Iyakar ilimina na kwamfuta shi ne in ta yi gardama a kashe ta a kunna, kuma da wannan ilimin nake ba Lailatu shawara.

Tana da wata manhaja da aka gina da kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Shekara da shekaru tana nuna mata yawan masu shiga shafin awa bayan awa, har manhajar ta iya hasashen gobe daga jiya. Ta san ran Talata kasuwa ke kwashe mutane, ta san in an yi kiran salla shafin kan yi tsit. Na taɓa cewa a tambayar mini ita yaushe sanƙona zai tsaya. Lailatu ta ce wannan ba sai an wahalar da na'ura ba.

Bara, ran Alhamis, aka auko mana. Wasu suka sako dubban na'urori suna ƙwanƙwasa shafin ba ƙaƙƙautawa, don manomi na gaskiya ya rasa ta inda zai shiga. Har yau ba mu san su ba, amma mun san wa zai ci riba. Lokacin da ake rajista a takarda, akwai dillalan da ke cusa sunayen matattu, su kwashe takin su kai kasuwa.

Manhajar ta ga cunkoson ya ninka hasashenta sau ɗari, sai ta shiga toshe duk wayar da ta cika ƙwanƙwasawa. Shafin ya ɗan numfasa, muka fara yi wa juna barka.

Ran Juma'a da hantsi sai ga Malam Ja'afaru, dattijon manoman Gidan Goga, bisa babur. Ya biyo hanyar da ko matasa ba sa bi sai da addu'a.

"Ɗiyata, mi munka yi maki?" in ji shi. "Mu ɗari biyu da sha huɗu, waya guda gare mu mai kama sabis, ita ma sai an hau tudu. Tun jiya take ce muna mu dakata."

Ashe manhajar ta ga waya ɗaya tana turo suna bayan suna, ta lissafa ta cikin maharan. Lailatu ba ta laɓe bayan na'ura ba.

"Baba, laihina ne. Na koya mata ƙirga mutane, ban koya mata akwai garin da ke da waya guda ba."

Shugabanmu Alhaji Tukur ya buga tebur. "A ruhe abin ga, a ɗauko littahi! Takarda dai ba ta cunkushewa."

Ni kam har na zaro biro.

"Ranka shi daɗe, ai takardar suka so," in ji Lailatu. "Don ita sunka zo. A ba ni zuwa a sauko Juma'a. In shahin bai buɗe ba, ni da kaina zan riƙa ma sakatare littahin."

Sai ta yi abin da ya sa na ɗauka zafi ya taɓa ta: ta cire toshiyar gaba ɗaya. Hasashen manhajar ya nuna daga hawan liman mumbari zuwa sallamewa, masu shiga ba za su wuce goma sha biyar ba, galibi mata daga cikin gida, kowace sau ɗaya. Muka tafi masallaci muka bar ta. Mutanen Gidan Goga suka sauko daga tudu suka yi alwala, wayarsu ta yi shiru. Na'urorin maharan kuwa, da ba su san huɗuba ba, suka ci gaba da ƙwanƙwasawa, kowace sau dubu. Lailatu ta tattara su ta toshe, ta bar kowa.

Ƙarfe uku, da mutanen Gidan Goga suka koma tudu, Malam Ja'afaru ya kira wayarsu ya ce a ci gaba da tura sunaye. Muna zaune muna kallon sunaye na shigowa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana kiran kowa da sunan ubansa. Kafin magariba sun cika ɗari biyu da sha huɗu. Shinkafar da suka noma, na ci tuwonta, ban kuwa ji kunya ba.

Lailatu, ke ce kika tsaya ranar da mu masu manyan riguna muka nemi ja da baya. Ke ce kika ce "laihina ne" a gaban dattijo, sannan bayan rajista kika zagaya Tsibiri da Dosara kina tambayar waya nawa ke kama sabis a kowane gari, don kada manhajarki ta sake ɗaukar talaka a matsayin ɓarawo. 'Yar Barau, mai tsaron ƙofar da ba a gani, mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya jiƙan mahaifa.

Yaranmu masu karatun kwamfuta, ku dube ta. Ba sai kun tafi Abuja za ku yi amfani ba. Ku san na'ura, ku kuma san mutanenku kamar yadda ta san su.

Ku kuma masu turo cunkoso, ga sanarwa kyauta: Laraba mai zuwa, ƙarfe takwas na safe, za a buɗe rajistar bana. Lailatu ta ce a gaya muku tana nan.