Otal ɗin da muka auna da gwiwar Khala

In dai ina numfashi, ba na jin akwai ranar da zan manta da neman otal ɗin da na yi wa mahaifiyata a Jidda. Wani zai ce mene ne abin tunawa a neman otal, a garin da kowane titi ka bi sai ka gan su? To ni dai sati guda na yi ina abu ɗaya, na sha rana, na sha faɗa, kuma har yau in na tuna sai in ji raina ya yi fari.

Lokacin na shekara goma sha shida a Jidda ina gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a shagon kafilina, Balaraben da nake zaune a ƙasar a ƙarƙashin sunansa. A nan na yi aure, na auri 'yar mutanenmu haifaffiyar unguwar Ruwais, Allah ya ba mu 'ya'ya mata biyu. Muna zaune a unguwar Bani Malik, hawa na huɗu, gidan kuma babu lif. Wata rana ina kan tsani ƙanena ya kira ni daga can ƙauyenmu, ya ce Inna za ta zo umara, kuma in sun gama da Makka da Madina akwai kwana uku da za su yi a Jidda kafin jirginsu ya tashi. Don murna saura kaɗan in saki injin mutane a ƙasa. Sai da na sauko na tuna da benenmu, na tuna da gwiwoyin Inna da suka daɗe suna ba ta wahala. Ko maiɗakina da ƙuruciyarta sai ta tsaya ta huta a hawa na biyu. Ba makawa sai an kama otal.

Akwai abin da ya kamata ku sani: ni ne ɗan farinta. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, in ta kama dole sai ta ce "yayanku" ko "wancan". Ba ta aike na kai tsaye, ba ta zama hira da ni. In na buga waya, "Lafiya lau. Ya yaran? To madalla," shi ke nan ta miƙa wa ƙanena. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ta gada. Na san wannan sarai, amma gaskiya har na yi gemu abin bai daina sosa mini rai ba. Saboda haka na ƙudurta a raina cewa kwana ukun nan sai na nuna mata ɗanta ya zama mutum.

Na zaɓi wani katafaren otal can arewacin gari, nesa da hayaniya, taga tana kallon teku. Shirina shi ne in riƙa zuwa da mota ina kai ta duk inda take so. Ranar Juma'a muka je cin abinci wurin yayar surukata a Ruwais, tsohuwar da kowa yake kira Khala. Ta haura saba'in, tana dogara sanda, Hausarta rabi Larabci ce, bakinta kuma ba ya raga wa kowa. Ina ta nuna hotunan otal a waya ina hura hanci, ita ko tana kallona.

Can ta ce, "Ya waladi, kai ne na fari a wurinta?"

Na ce, "Ni ne, Khala."

"To mabruk. Ka kama mata kurkuku mai kallon teku."

Na yi dariyar yaƙe, na ce ai ga mota, duk lokacin da ta so fita sai ta yi magana.

"Ta yi wa wa magana? Kai? Matar da ba ta iya kiran sunanka ita ce za ta buɗe baki ta ce ɗauko mota ka kai ni kasuwa? Wallahi kwana uku za ta yi tana kallon ruwa. Ka tambaye ta, ta ce lafiya lau. Ta koma gida ba ta saya wa kowa ko carbi ba, abin ya tsaya mata a rai. Uwata haka ta yi da yayanmu har ta koma ga Allah. Ka nemo mata inda za ta sa takalminta ta fita ba sai ta nemi alfarmar kowa ba."

Abincin nan ban san yadda na ƙarasa shi ba. Haushi na ji, kuma haushin ya fi yawa ne don na san gaskiya ta faɗa.

Maiɗakina ce ta kawo shawarar wajen malahi, wato filin wasan nan na bakin teku mai lilo iri-iri. A jikinsa akwai layukan shaguna: turare, abaya, sallaya, dabino, kayan wasan yara, duk abin da mai neman tsaraba yake so. Ta ce in aka samu otal kusa, Inna ta yi sayayyarta, yara su yi wasansu, ita da su su kama ɗaki kusa da nata. Na duba taswirar waya na samo guda uku. Na farko waya ta ce tafiyar minti shida ce. Da na gaya wa Khala sai ta ce, "Minti shida da ƙafar wa? Zo ka ɗauke ni gobe bayan la'asar. Gwiwata da tata duk ɗaya ne, inda na iya za ta iya."

A nan na gane cewa shekara goma sha shida ina garin nan amma ban san shi da ƙafa ba. Daga gida mota, zuwa aiki mota, ko burodi zan saya sai na tayar da mota.

Otal na farko, daga ƙofarsa kana hango babban lilon nan mai juyawa, sai ka ce ka miƙa hannu ka taɓa. Ashe tsakaninsu akwai ƙaton titi, motoci suna wucewa a guje, hanyar tsallakawa ɗaya ce, gadar sama mai matattakala ba iyaka. Khala ta ɗaga kai ta dubi gadar, ta dube ni. Ta ce, "In har za ta hau wannan kubri, to me ya hana ka kai ta benenku ka huta?" Ko ɗakin ba mu shiga mun gani ba.

Na biyu kashegari muka je. Shi gefe ɗaya yake da malahin, ba tsallaka titi, na ce alhamdu lillahi an gama. Amma hanyar ta cikin wani makeken filin ajiye motoci ta bi, babu inuwa ko ta sandar lantarki, kwalta tana huci. Ba mu kai rabi ba Khala ta nemi bayan motar wani bawan Allah ta zauna tana haki. Na sheƙa da gudu na ɗauko tawa motar. Tun daga nan har Ruwais faɗa take yi mini, wai ina so in kashe ta in ci gadon sandarta. Ni dai ban da "Yi haƙuri, Khala" babu abin da nake cewa.

Na ukun har na so in ɓoye shi. Tsohon gini ne a wani lungu ta baya, fentinsa ya koɗe, tagar ɗakin tana kallon shagon wanki da guga. Waya ma cewa ta yi minti goma sha ɗaya, ya fi sauran nisa. Sai dai ɗakunan fes suke, akwai lif, mukayyif ɗin kuma da kaina na buɗe na duba, lafiyarsa ƙalau. Muka kama hanya ni da Khala. Titin siriri ne, bayan la'asar inuwar gidaje ta rufe shi gaba ɗaya. Tafiya kaɗan sai ga shagon mai haɗa ruwan mangwaro da benci a ƙofarsa, Khala ta zauna ta sha kofi guda. Gaba kuma ƙaramin masallaci mai ɓangaren mata, ta ƙara hutawa a dakalinsa. Tsallaka titi sau ɗaya ne tak, kuma akwai danja. Mun fi minti ashirin da biyar kafin mu isa shagon farko, amma ta isa tana ta zuba surutu, ko haki babu. Ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Halas, wannan ne."

Ba zan ɓoye ba, sai da na yi ta juya abin a raina. Ƙanena ya ce in turo hoton otal ɗin a nuna wa dangi, na yi ta yi masa hanya-hanya. Kunya nake ji a ce duk zaman da na yi a Saudiyya a nan na sauke uwata. Yanzu in na tuna sai in yi wa kaina dariya, don ashe ba ita nake tunani ba, bakin mutane nake tunani.

Ranar da Inna ta iso, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe kamar yadda ta saba. Ta shiga ɗakin ta zauna a bakin gado, ta jawo babbar 'yata, wadda take shekara goma sha ɗaya a lokacin, ta ce, "Ki ce wa babanki an gode." Yarinyar tana jin Hausa amma mayarwa ce take ba ta wuya, sai ta juyo ta ce, "Abuya, Sitti ta ce shukran." Ina tsaye a gabansu, taku biyu tsakaninmu. Da yamma Khala ta zo, tsofaffin nan biyu suka fita tare, ta nuna mata hanya: ga benci, ga masallaci, ga danja.

Kashegari na taso daga aiki bayan la'asar, na biya na sayo gasasshen kifi. Na ƙwanƙwasa ɗakinta, shiru. Na ƙwanƙwasa na maiɗakina, shiru. Na sauko ƙasa da sauri na tambaya. Mutumin Sudan ɗin da yake karɓar baƙi ya yi dariya ya ce, "Hajja? Ai ita ta tasa su gaba. Da safe ma ta fita ita kaɗai ta dawo da leda biyu."

Na bi hanyar nan da sauri har cikin malahi. Daga nesa na hango ta a kan benci, ledoji jibge a gefenta, ta cire takalmi ta miƙe ƙafa. Yaran suna kan lilon dawakai suna zagayawa, duk zagayen da suka yi sai su ƙwala "Sitti!", ita kuma ta ɗaga hannu tana ƙyalƙyala dariya har da tafi. Wallahi tun da nake ban taɓa ganin dariyar Inna irin wannan ba, don in ina wuri ba ta sakin jiki. Sai na laɓe a bayan rumfar mai sayar da gugguru, ina riƙe da kifin da ya riga ya huce, na yi ta kallonta. Daɗin da na ji a wurin ba zai faɗu ba.

Rana ta uku ita ce ta ƙarshe. Bayan la'asar muna ɗakinta, maiɗakina tana ta cusa tsaraba a jakunkuna. Inna ta tashi ta sa takalmi, ta yafa mayafi, ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta kalli kowa ba ta ce, "Akwai sauran turaren mutum biyu da ban saya ba. Jiya kuma kayan sun yi mini nauyi." Yaran suka miƙe za su bi ta, uwarsu ta riƙo su, ta harare ni ta ce ƙasa-ƙasa, "Yalla, tashi mana."

Na bi ta a baya, na bar 'yar tazara tsakaninmu. Muka wuce mai mangwaro, muka wuce masallaci. Da muka zo danja, wuta ta ba mu hannu, sai kawai ta miƙo hannu baya ba tare da ta waiwayo ba, ta kama wuyan hannuna. Muka tsallaka. Na ɗauka za ta saki, ba ta saki ba. Muka ci gaba da tafiya a jere, a hankali, da irin takunta.

Ta shafa tafin hannuna da babban yatsanta ta ce, "Hannunka ya yi kanta."

Na ce, "Aikin ne, Inna."

"Allah ya yi albarka." Muka ƙara 'yan taku, sannan ta ce, idonta yana kan hanya, "Ranar da ka tafi ban raka ka bakin titi ba. Ina bayan danga. Ina tsaye har motar ta ɓace."

Ƙato da ni, a tsakiyar kasuwa, hawaye suna bin gemuna, mutane suna wucewa suna kallo. Ita ko ta ja ni muka shiga shagon turare, ta yi cinikinta da hannu da ka, ta ɗora mini kaya. A hanyar dawowa ma tana riƙe da ni, sai da muka hango ƙofar otal ta sake ni, ta gyara mayafi, ta shiga gaba kamar ba a yi komai ba.

Inna tana nan da ranta, kuma har gobe ba ta kiran sunana, in na buga waya gaisuwar ba ta wuce yadda take. Amma abin ya daina damuna ko kaɗan. Na koyi cewa hidimar iyaye ba a auna ta da abin da zai burge dangi. Ka san abin da ba za su iya buɗe baki su roƙe ka ba, ka shirya musu shi yadda ba sai sun roƙa ba. Da na sa ta a mota, ina gaba ina tuƙi tana baya tana kallon taga, da maganar nan tana cikinta har yau.