Dariyar da Taubashina Ya Ɗauko Cikin Kwamfuta

Ni fa tun farko ban ce ina so ba, jawo ni anka yi, kuma har gobe ba ni mance abin da ya biyo baya. Ina zaman zamana a tashar Jega ina kamasho, ina cika motocin Aliero da Maiyama, ina tsokanar fasinja suna dariya har su mance direba ya tafi cin tuwo. Kowa ya san ni da wannan. Sai ga taubashina, ɗan gwaggona, ya gama makaranta ya dawo da kyamara rataye a wuya. Wai wani gidan talabijin sun ce ya kawo wasan ban dariya su gwada, kuma da ni za a yi.

Na ce, "Taubashi, ni da na tsere daga aji uku, mi ya haɗa ni da aikin 'yan boko?"

Ya ce, "Bakinka nika so, ba karatunka ba."

Ƙarya yake. Da munka je, takarda ya miƙo mini. Falon wani mai hali ya aro a Aliero, kujeru masu laushi har ka ji kunyar zama. Anka sa mini kwat cikin zafin bazara, wai ni ɗan Alhaji ne na dawo daga Turai, damuwata duk duniya an kawo mini lemo babu ƙanƙara. Duk sadda na saki tawa maganar sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Bi rubutu." Na bi, don gwaggo ta roƙe ni kada in kunyata mata ɗa.

Ranar da anka fara nunawa, bayan la'asar, gidan kallon Sabon Gari ya cika, don ni da bakina na bi direbobi da mahauta na ce su zo su ga nasu. Na fito cikin akwatin talabijin na faɗi maganar ƙanƙara. Sai wata dariya ta ɓarke daga cikin talabijin, kamar ta mutum ɗari. Ashe taubashi ɗauko ta ya yi cikin kwamfuta, ya liƙa bayan kowace magana. Cikin ɗakin kuwa tsit, sai ƙarar fanka. Wani tsohon mahauci ya tashi ya leƙa bayan akwatin, ya juyo ya ce, "Su wa ka dariya? Mi anka ce musu da ba a ce muna ba?"

Ita ke nan dariyar da anka yi ranan, kuma ni anka yi wa.

Mako uku anka nuna, gidan talabijin sunka dakatar. A tasha in na buɗe baki zan yi barkwanci, sai wani direba ya ce, "Dakata a kunna maka masu dariya." Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ɗan kamasho da bakinsa ya mutu, fasinja wuce shi suke su shiga motar wani.

Ana cikin haka taubashi ya taka har tasha, gaban jama'a, ya ce ni na kashe masa shiri don fuskata ba ta talabijin ba ce, sannan mutanenmu ba su waye ba, ba su gane wasan zamani.

Maganar fuskata na yafe, ina da madubi. Ta biyun ce ta tsaya mini. Lokacin ina cika motar Maiyama, saura mutum biyu. Na cusa kai ta taga na ce, "Jama'a, wa ya tuna mai awon gero na wasan talabijin na da, wanda ka ɓoye babban yatsa cikin mudu?"

Ni kaina ban taɓa kallon wasan nan ba, an daina shi tun ina goye, a bakin mutane na san shi. Amma mota ta ɗauka gaba ɗaya. Wata tsohuwa 'yar Karaye ta ɗaga kwanonta, ta cusa yatsa, ta murtuke fuska kamar mai rantsuwa ta ce cike yake. Wani ya ce akwai irinsa a kasuwarsu har yau. Wani ya ce kawunsa ne sak, Allah ya jiƙansa.

Na ce, "To Inna, namu na kwanan nan fa, na masu kwat?"

Ta ce, "Au, wanga da aljanu ka dariya ciki? Ɗana, na sa an kashe shi."

A nan na gane abin da har yau nake faɗa wa duk mai ɗaukar kyamara. Wasan da mutum ya ga kawunsa ko maƙwabcinsa a ciki, shi zai ɗauka ya kai gida, ya ba jikoki, ko an fasa akwatin. Wanda bai ga kowa nasa ba, kafin sallar magariba ya mance shi. Kuma mutanenmu ba su son a yi musu dariya a madadinsu.

Taubashi dai bai saduda ba. Ya gyara kyamara ya ce, "Wannan tsohon yayi ne. Duk duniya yanzu irin nawa ake yi."

Na ce, "To taubashi, kai wa duniyar ta kalla. Ni masu dariyata ga su nan cikin mota. Kai naka, ana ɗauke wuta shiru suke yi."