Jan Tandar Na Baba Kyari

Har yau in na ga an shafa wa ƙarfe jan fenti sai na tuna safiyar da Baba Kyari ya shigo ofishinmu na Gure da ƙunshi a hammata. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun ji ana kirana Mamman Mai Tandar, ba ku san mafarin sunan ba. To, ga shi daga bakina, kafin Isufu mai walda ya ƙara masa gishiri.

Lokacin ina makanikin da ke zagaya famfunan karkara. Akwai wani foraji, wato rijiyar inji, a wajen Alakos, wanda makiyaya suka dogara da shi duk rani. Injin gazuwal, wato mai shan man dizal, ne ke juya famfon, abin da ya haɗa su kuwa kuruwa ce, igiyar roban nan da ke zagaye fuli biyu. Fuli shi ne faifan ƙarfe mai kwari a gefe inda kuruwa ke zama. Ƙarami yana kan inji, babba yana kan famfo, domin inji ya fi famfo sauri, girman fulin ne ke daidaita su. Ni na zaɓi fulin nan da hannuna. Na tabbatar kwarinsu ya dace da faɗin kuruwar, ta kama da gefe ba ta zauna a ƙasa ba, na kuma ja zare na ga suna kan layi ɗaya.

Saura tauri. Kuruwa in ta yi sako-sako sai ta riƙa zamewa, ta yi zafi ta ƙone. In kuma ta yi tauri da yawa sai ta ja sandar famfo gefe guda, ta cinye rulma, ƙwallayen da sandar ke juyawa a kansu. Abin da ake ɗaure ta da shi shi ne tandar, wani ɗan fuli na uku da ake turawa da kusa mai murɗi.

Mai gadin forajin shi ne Baba Kyari, tsohon direban babbar mota, mutum mai tsabta da son aiki. Aibinsa ɗaya: a wurinsa duk abin da ke motsi sako-sako ne. Da na juya baya sai ya ɗauko kile, wato sifana, ya ƙara wa tandar murɗi. Rulma ta mutu, na canza. Ta sake mutuwa, na sake canzawa. Na zaunar da shi na yi masa bayani, yana gyaɗa kai har na gama.

Sai ya ce, "Ɗana, na ji ka. Amma ni na ƙetare hamadar Tenere da mota ba ka fara tafiya ba. Kuruwa in ba ta yi kamar tsirkiyar gurmi ba, wasa ake yi."

Na ɓoye kilen, ya aro wani wurin masu mota. Na kai ƙara wurin mai gari, ashe surukinsa ne.

Ina ba Isufu mai walda labari a garaji, sai ya ce, "Tun da hannunsa ba ya zama, ka ba shi abin murɗawa mana." Muka kalli juna. Kafin la'asar mun haɗa abinmu: tsohuwar kusa doguwa, da sifirin na babur don ya riƙa jin nauyi in yana murɗawa, da wani kan famfo zagayayye a sama. Isufu ya shafe shi da jan fenti har yana ƙyalli. Na je na ɗaura shi a jikin murfin kuruwar, ba ya taɓa komi a ciki. Na sa sabuwar kuruwa, tandar na gaskiya kuwa na daidaita shi, na rufe shi da farantin ƙarfe.

Na ce, "Baba, wannan sabon yayi ne. Kullum da safe ka murɗa yadda ranka ke so."

Ya murɗa, ya sa kunne, ya ce, "Ka ji ko? Har muryar injin ta canza."

Na ce lalle ta canza.

Rulma ta huta, ni ma na huta. Baba Kyari ya ɗinka wa jan tandar riga ta tsumma saboda ƙura, yana nuna wa baƙi shi. Ni kuwa ina ta yi wa kaina kirari, na manta da abin da ko ɗan koyo ya sani: sabuwar kuruwa tana miƙewa bayan ta yi aiki. Ya kamata in koma in ƙara mata tauri, sai aikin Gamu da na Kelle suka ɗauke ni.

Kuruwa ta saki, ta fara kuka. Ruwa ya ragu a tanki, ga zafin bazara, ga garken shanu da raƙuma sun yi layi a bakin kwami. Baba Kyari ya murɗa jan tandar har ƙarshe, ya kwance, ya sake murɗawa, babu abin da ya canza. Da ya ji warin roba sai ya kashe inji, kuma wannan shi ne daidai. Daga nan ya kwance jan tandar, ya naɗe a rawani, ya hau motar kasuwa.

Shef ɗinmu, wato shugabar ofis, a lokacin Madam Hadiza ce, injiniya 'yar Maradi, mace mai ƙarancin magana, wadda ba a gane fushinta a fuska. Ina tsaye a ofishinta muna maganar wani aiki sai ga Baba Kyari ya yi sallama. Ya warware rawanin a kan teburinta.

Ya ce, "Hajiya, tandar ɗinku ya lalace, dabbobi na can babu ruwa. A ba ni irinsa in koma yau."

Ta ɗaga shi, ta juya shi, ta murɗa, ta leƙa ƙasansa. Ta daɗe tana kallon sifirin ɗin babur. Sannan ta ɗago.

"Malam Mamman, wa ya zaɓi wannan?"

Na ce, "Ni ne, Shef."

"Wace ƙasa ke ƙera shi?"

Na ce, "Na kusa ne, Shef."

"Na ga alama. Yi mana bayanin yadda yake aiki, ni ma in ƙaru."

Ta taga ina hango Isufu ya sunkuya bayan wata mota, kafaɗunsa na rawa don dariya. Kafin in buɗe baki Baba Kyari ya karɓe zancen. Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, yadda ake murɗawa dama, yadda muryar inji ke gyaruwa, har ya ce a shekarunsa na tuƙi bai ga tandar mai biyayya irin wannan ba. Madam Hadiza ta saurare shi ba ta ko murmusa ba.

Ta ce, "Baba, ka yi daidai da ka kashe injin. Wannan kuwa an daina yayinsa daga yau. Zan ba ka wanda ya fi shi."

Ta buɗe kabad ta ɗauko ma'aunin ƙarfi. Kun san shi, ɗan sanda kamar alƙalami, da sifirin a ciki da zobban roba biyu. Ana danna shi a tsakiyar kuruwa har ta lotsa zuwa zoben ƙasa, zoben sama kuma ya nuna ƙarfin da aka sa. Guda ɗaya muke da shi a ofis, ni kaina sai na roƙa ake ba ni. Ta sa jan biro ta yi layi biyu a jikinsa.

Ta ce, "In zobe ya tsaya tsakanin layukan nan, kar ka taɓa komi. In bai kai ba, ka ƙara murɗi. In ya wuce, ka sassauta. Kai ne mai hukunci a forajin nan, ko Mamman ya ɗaure sai ka auna."

Da ya fita sai ta ce da ni, "Ka ɗauki sabuwar kuruwa ka kai shi yanzu, ka cire farantin nan da ka rufe tandar da shi." Ban taɓa faɗa mata akwai faranti ba. Ta ajiye jan tandar a kan takardunta don kar iska ta kwashe su, kuma nan ya zauna har aka yi mata canjin wurin aiki. Duk wanda ya tambaya sai ta ce ya je ya tambaye ni.

Mun isa da rana tsaka. Na sa kuruwa, na ɗaure da nawa ƙiyasin. Baba Kyari ya danna ma'auni, ya kai shi kusa da ido, ya ce in sassauta. Shi, Baba Kyari, yake ce mini in sassauta. Na sassauta. Ya sake aunawa, ya ce yanzu ta yi. Aka tada inji, ruwa ya zubo a kwami, shanu suka yi ca a kai.

Muna shan shayi a inuwar tanki na tambaye shi yadda ya ga sabon kayan aikin. Ya juya shi a hannu, ya ce, "Yana da kyau, amma yana gardama da mutum. Wancan jan naka kuwa, duk abin da na faɗa sai ya yarda." Ya kalle ni ta saman kofi. Har yau ban san iyakar abin da ya sani ba, ban kuma tambaya ba.

Rulmar forajin nan ba ta sake mutuwa ba har na bar zagaye. Shi ya sa nake gaya muku, in an tura ku zaɓen fuli da tandar, ku auna sanda, ku auna kwari, sannan ku zauna ku sha shayi da mutumin da za ku bar wa injin. Ku za ku hau mota ku dawo Gure, shi ne zai kwana da shi. In hannunsa na son aiki, ku ba shi aikin gaske da abin da zai gane ya yi daidai. Ni na ba shi abin wasa, kuma shanun mutane ne suka sha ƙishirwa a kai.